Kayan ƙarfafa hannu da riƙo: wanne za ka saya, wanne mai walda zai haɗa maka

Duk wanda ya taɓa gaisawa da ɗan ga-ruwa ko maƙeri ko mahauci ya san ba a kanti ake sayo ƙarfin hannu ba. Mutumin da yake wuni yana sauke jarkoki masu lita 25 daga kura yana shiga da su gidaje a Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa a Katsina bai san sunan wani kayan motsa jiki ba, amma in ya damƙe maka hannu sai ka ji har gwiwar hannu. Ga kuma samarinmu da suke ganin bidiyo a TikTok, su yi odar ɗan abin matsawar nan mai sifirin da 'yan jim, wato masu zuwa gidan motsa jiki, ke ce wa giripa, su matsa kwana biyu, daga nan ya koma abin wasan yara a tsakar gida. Giripar ba ta yi laifi ba, mai ita ne ya saya kafin ya san abin da yake nema.

A ganina abu ɗaya ne, in ya yi yawa biyu, ya cancanci ka kai kuɗinka shago saboda shi. Sauran duk mai walda da kafintan unguwarku za su haɗa maka, kuma sau da yawa nasu ya fi na kwali aiki. Tambayar da za ka yi wa kowane kaya, na saye ne ko na haɗi, ita ce: in hannuna ya saba da shi, zan iya ƙara masa wuya kaɗan-kaɗan? Wanda ba ya karɓar ƙari, amfaninsa na ɗan lokaci ne.

Mataki na farko: wane irin riƙo kake nema?

Kama sangalin hannunka na dama da hannun hagu, wato tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, sai ka dunƙule ka buɗe. Motsin da kake ji a nan shi ne na tsokokin da ke sarrafa yatsu. Mafi yawansu a nan suke zaune, dogayen jijiyoyi ne suke ratsa wuyan hannu su jawo yatsun. Babban yatsa kuma yana da nasa tudun tsoka a gindinsa cikin tafin hannu. Shi ya sa ƙarfin hannu ya kasu, kuma samun wani kashi ba ya ba ka sauran kai tsaye.

Akwai damƙa, inda yatsu huɗu suke matse abu zuwa tafin hannu. Ita ce aikin giripa, ita ce kuma ake ji a gaisuwa. Akwai riƙo mai daɗewa, irin na ɗaukar jarka daga bakin famfo zuwa gida ba tare da an ajiye ba. Akwai kamun babban yatsa, kamar ka ɗaga bulo ko faffaɗan katako ta gefensa, yatsu huɗu a ɓangare ɗaya, babban yatsa a ɗaya ɓangaren. Sai ƙarfin wuyan hannu, sai kuma buɗe yatsu, wanda kusan kowa yake mantawa da shi.

To dubi abin da kake yi. Ɗan kokawa ba siririn abu yake kamawa ba, damtse ne da cinya da wuyan abokin karawa, ga gumi ga ƙasa, don haka riƙo mai daɗewa a kan abu mai kauri yake buƙata, giripa ba ta cika yi masa komai ba. Ɗan dambe wuyan hannu ne jarinsa, domin in ya lanƙwashe lokacin da naushi ya sauka, zaren da aka naɗe hannun da shi ba zai cece shi ba. Mai wasan folo, wasan da Katsina ta yi suna da shi tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ta kuma ƙara suna da Sarki Usman Nagogo, yana riƙe da linzami a hagu, sanda a dama, zagaye bayan zagaye na minti 7. Shi ma wuyan hannu da juriyar riƙo yake nema. Mai ɗaga ƙarfe a jim wanda sanda ke suɓuce masa alhali bayansa da ƙafafunsa ba su gaji ba, riƙo mai daɗewa ne ya gaza masa. Dattijo ko dattijuwar da murfin kwalba ya fara gagara, ko mai farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki, kayansu daban ne, zan zo kansu.

Mataki na biyu: auna kafin ka saya

Na'urar da asibitoci ke auna ƙarfin damƙa da ita ana ce mata dainamomita, wadda ta fi shahara ita ce Jamar. Ana zama a kujera, gwiwar hannu a manne da jiki a lanƙwashe kamar kusurwar bango, a matsa iya ƙarfi sau uku a kowane hannu. In kana da hanyar zuwa sashen fisiyo na asibiti, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, tambaye su ko suna da ita. Akwai kuma ƙanana masu batir da ake samu a intanet, sun isa ka riƙa kwatanta kanka na yau da na watan jiya.

Lambar tana da ma'ana fiye da wasa. A ƙa'idar da ƙwararrun Turai kan raunin tsoka a tsufa suka fitar a 2019, namijin da damƙarsa ta gaza kilo 27, ko macen da tata ta gaza kilo 16, ana ɗaukar su masu raunin tsoka. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015, wanda ya bi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya gano duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100 a tsawon shekarun binciken. Masu talla suna son wannan lissafin, amma a yi hattara: ƙarfin hannu alama ce ta lafiyar jiki baki ɗaya, ba wai matsa giripa ne ke ƙara kwana ba.

In babu na'ura, agogon wayarka ya wadatar. Daƙiƙa nawa kake iya rataye a sanda? Daƙiƙa nawa kake riƙe jarka cike a hannu ɗaya? Rubuta, ka ajiye.

Mataki na uku: giripa, inda aka fi yin asarar kuɗi

Iri uku za ka tarar, ko a shagunan kayan wasanni, ko a Jumia da Jiji, ko ka aika a sayo maka daga Kano.

Na farko mai hannun roba ko soso da siririn sifirin, wanda ba a rubuta masa lamba ba. Lafiyayyen matashi zai matsa shi sau hamsin a ranar farko, kuma abin da kake iya yi sau hamsin ba ya ƙara maka ƙarfi sosai, juriya ce ya fi ba ka. Bar shi, sai dai don ɗumama hannu.

Na biyu mai noti, wanda ake murɗawa a ƙara ko a rage tauri, galibi an rubuta masa kilo 5 zuwa 60 ko 10 zuwa 40. Ga mai farawa, ko gidan da miji da mata da samari za su riƙa karɓa-karɓa, wannan shi ne zaɓi mai hankali. Rauninsa jikin roba ne. Kafin ka biya, murɗa notin har ƙarshe ka ga ko yana tafiya sumul, dubi inda sifirin ya maƙale ko ƙarfe ne ko roba, sannan ka matsa a mafi taurinsa ka saurara ko yana ƙara kamar zai tsage. Kada ka bar shi a rana ko cikin mota a kulle, zafin bazara yana busar da roba ta yi ƙeƙas. Wasu suna da ɗan agogon ƙirga matsi a jiki, ado ne kawai, kada a ƙara maka kuɗi saboda shi.

Na uku mai hannun alminiyam da aka yi wa zane mai kaushi, da sifirin mai kauri a naɗe a sama. Taurinsa ɗaya ne, ba ya canzawa, in ka fi ƙarfinsa sai ka sayi na gaba. Wanda duniya ta fi sani shi ne Captains of Crush na kamfanin IronMind da ke Amurka. Jerin nasu ya faro daga Guide mai laba 60, kusan kilo 27, sai Sport mai laba 80, sai Trainer mai laba 100, wato kilo 45. Lamba 1 laba 140 ce, lamba 2 laba 195, lamba 3 laba 280, lamba 4 kuma laba 365, kusan kilo 166, akwai kuma na tsaka-tsaki a tsakaninsu. Don ka gane nisan: Richard Sorin ne aka fara tabbatar wa rufe lamba 3 a 1991, lamba 4 kuwa sai a 1998 Joe Kinney ya rufe ta, kuma har yau waɗanda suka yi haka 'yan ƙalilan ne. Namijin da bai taɓa horar da hannu ba, Sport ko Trainer ce mafararsa. Mai aikin ƙarfi yana iya tarar da lamba 1 ta yi masa daidai.

Na asalin yana da tsada in an haɗa da canjin dala da kuɗin kawowa, shi ya sa kasuwa ta cika da kwaikwayo masu lamba 100, 150, 200 har 350. Wasu suna da kyau. Abin da za ka riƙe shi ne lambobin nan ba su da ma'auni guda: 200 na wannan kamfani yana iya zama 150 na wancan, har guda biyu daga kwali ɗaya sukan bambanta. Saboda haka kada ka sayi lamba, sayi abin da hannunka ya gwada. In a shago ne, ce wa mai shagon, "Alhaji, a buɗe min in gwada," in ya ƙi ka ƙara gaba. Wadda ta dace da kai ita ce wadda za ka iya rufewa har ƙarshen hannayenta biyu su taɓa juna sau 5 zuwa 10, na ƙarshen da kyar. Wadda ba ka iya rufewa ko sau ɗaya ba ta yau ba ce, kuma ita ce take jawo wa samari ciwon gwiwar hannu saboda son a gani. In oda za ka yi ba gwaji, ɗauki wadda kake ganin ta yi maka sauƙi. Ko ta yi sauƙin, za ta zama ta ɗumama hannu.

Dubi abu uku a jikinta. Zanen hannun ya kama fata amma kada ya yi kaifin da zai yanke ka. Faɗin bakinta ya dace da tafinka, domin mai ƙaramin hannu in ta buɗe da yawa ƙaramin yatsansa ba zai kai ba; ba laifi ka sa ɗaya hannun ka ɗan matso ta kafin ka fara. Sannan sifirin kada ya motsa a inda ya shiga hannun, kada kuma ka ga tsatsa ko tsaga. Ɗigon man keken ɗinki a naɗin sifirin lokaci-lokaci yana hana shi kuka, musamman da ƙurar hunturu.

Mataki na huɗu: wajen mai walda

A nan ne mafi yawan aikin yake. Abu na farko sandar rataya. Sandar ɗaga ƙarfe ta jim kaurinta milimita 28 zuwa 29 ne, fayif ɗin ruwa na ƙarfe da ake ce wa inci ɗaya kuwa kaurinsa ta waje kusan milimita 33, ya yi daidai da rataya. Inci ɗaya da rabi yana kai milimita 48, inci biyu kuma 60. Riƙe waɗannan lambobi, domin sunan fayif ba shi ne kaurinsa ta waje ba, kuma kowane ƙarin kauri yana ninka wa yatsu wahala tunda ba sa iya zagaye shi su haɗu da babban yatsa. Wani Baturen Ingila mai nuna ƙarfi a farkon ƙarni na 20, Thomas Inch, ya yi suna da dambel, wato ƙarfen ɗagawa na hannu ɗaya, mai kilo 78 wanda ƙarti suka riƙa kasa ɗagawa daga ƙasa da hannu ɗaya. Nauyin ba shi ne ya kayar da su ba, mariƙin ne, mai kauri kusan santimita 6.

Ka ce masa, "Malam, fayif inci ɗaya nake so mai nama, ba na kwano ba, tsawon mita ɗaya da ɗan kai, a kafa shi kan ƙafafu biyu a zuba musu siminti." Tsayinsa ya zama in ka miƙa hannu ka yi ɗage kana taɓa shi. Kada a shafa fenti mai sheƙi a inda za ka kama, santsi yake yi da gumi. A kafa shi a inuwa, gindin bedi in akwai, don ƙarfen da ya sha ranar Afrilu ba ya taɓuwa. In gidan ginin ƙasa ne, kada ka kuskura ka rataya a azara ko ka huda bango ka cusa fayif.

Sanda ɗayar nan tana karɓar ƙari ta hanyoyi da yawa: ka ƙara daƙiƙu, ka goya jaka mai nauyi, ka koma hannu ɗaya, ko ka rataya tawul ko guntuwar igiya mai kauri a kanta ka kama su maimakon ƙarfen. Na tawul ɗin shi ne na 'yan kokawa. Jan igiya mai nauyi hannu bayan hannu ma horo ne mai kyau, kodayake mutanen Daura, da labarin garinsu ya ratsa ta bakin rijiyar Kusugu, ba sai an koya musu jan guga ba.

Abu na biyu guntun fayif inci biyu, tsawon santimita 15, a goge bakinsa kada ya yi kaifi. Zura igiya ko sarƙa ta cikinsa, ka ɗaure nauyi a ƙasa, ka ɗaga da hannu ɗaya. Da yake fayif ɗin yana juyawa a kan igiyar, sai ya riƙa neman kuɓuce maka, nan ne aikin yake. Ana sayar da irinsa da tsada a ƙasashen waje, ana kuma sayar da robobi masu kauri irin Fat Gripz da ake sa wa sandar jim. Tawul da aka naɗe a sandar yana yin kusan wannan aikin.

Nauyin kuwa jarka ta fi komai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ka san abin da ka ɗauka ba tare da sikeli ba, kuma kana iya ƙara lita ɗaya-ɗaya, abin da dambel ɗin kanti ba ya ba ka. In ka wuce kilo 25, busasshen yashi zai kai jarkar kusan kilo 40, amma ka riƙa duba mariƙinta, ba don wannan nauyin aka yi shi ba. Tsofaffin faifan birki na mota daga wajen kanikawa ko 'yan gwangwan, ko siminti da aka zuba a gwangwanin fenti da ƙugiyar rodi a sama, duk suna yi. Auna su a sikeli ka rubuta nauyin a jiki da fenti. Ɗauki jarka biyu ka yi tafiya da su daga zaure zuwa ƙarshen tsakar gida ka dawo, kafaɗu a miƙe. Da wuya ka sami abin da ya fi wannan gina riƙo mai daɗewa.

Mataki na biyar: babban yatsa da wuyan hannu

Giripa ba ta taɓa babban yatsa sosai, shi ya sa za ka ga mai rufe giripa mai tauri ya kasa ɗaga faifan ƙarfe ta gefe. Je wajen kafinta ya yanko maka guntun katako mai kaurin inci biyu, tsawon tafin hannu da ɗan ƙari, ya goge shi da sanfefa amma kada ya shafa masa banish. A huda ƙasansa a zura igiya, a rataya galan. Kama ta sama, yatsu a miƙe, ka ɗaga ka riƙe daƙiƙa 10 zuwa 20. Fara da kilo 4 ko 5, za ka yi mamakin yadda zai ba ka kunya. Ka sa takalmi, kuma ka raba ƙafafunka, don abin yakan suɓuce ba sallama.

Na wuyan hannu iri biyu ne. Sanda mai tsawon santimita 40, kamar guntun ƙotar fartanya, a huda tsakiya a ɗaure igiya mai tsawon mita ɗaya da galan a ƙarshenta, ka riƙa naɗe igiyar da hannu biyu har galan ya hau, sannan ka warware a hankali. Kilo 2 zuwa 4 ya isa farawa. Ɗayan kuma guduma ce mai doguwar ƙota: hannu a miƙe a gefen jiki, ka ɗaga kanta sama ka sauke da wuyan hannu kaɗai, gaba da baya, sannan ka juya ta hagu da dama gwiwar hannu a lanƙwashe. Kama kusa da kan gudumar tukuna. Duk sa'ad da ka ja hannunka baya da faɗin yatsa biyu, ka ƙara nauyi ke nan ba tare da ka sayi komai ba. 'Yan dambe da masu folo, wannan naku ne.

Buɗe yatsu bai buƙatar dogon bayani. Haɗa robar ɗaure kuɗi biyu ko uku, ka zagaye yatsunka biyar, ka buɗe sau 20 ko 30. Ko ka cika bokiti da yashi mai laushi da aka tankaɗe, ka cusa hannu ka buɗe ka juya. 'Yan wasan Amurka da shinkafa suke yi, mu kuwa a tsadar nan wanda ya zuba shinkafa a bokiti don wasa da hannu sai ya yi wa uwargida bayani.

Waɗanda ba sai ka saya ba, da na masu rauni

Safar hannu ta jim tana rage fitowar kanta a tafin hannu, amma tana shiga tsakanin fata da ƙarfe, ba ta ƙara riƙo. Maɗaurin da ake naɗewa a wuyan hannu da sanda yana da amfani ga mai ɗaga nauyi sosai, sai dai aikin da kake so hannunka ya koya shi yake karɓe masa. Ƙwallon nan mai juyawa a ciki, da na'ura mai maɓalli ɗaya-ɗaya ga kowane yatsa, ba su da illa, amma in kuɗin bai wadata ba su ne na ƙarshe. Allin da masu ɗaga ƙarfe ke shafawa maganisiyam kabonet ne, ba allin makaranta ba. In ba ka samu ba, tsumma na goge gumi ya isa.

Dattawa da masu ciwon gaɓoɓi da masu farfaɗowa daga shanyewar jiki ko karaya, su fara da ƙwallon soso mai laushi, ko matse jiƙaƙƙen tawul, ko giripa mai noti a mafi sauƙinta, kuma likitan fisiyo ne zai tsara musu yawan da za su yi. Mai hawan jini ya sani matsi mai ƙarfi yana ɗaga jini na ɗan lokaci, musamman in an riƙe numfashi, don haka ya riƙa numfashi yadda ya saba, ya kuma shawarci likitansa kafin ya shiga masu tauri.

Yadda za ka yi aiki da su

Sau biyu ko uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani, kuma a ƙarshen sauran motsa jiki, don hannun da ya gaji ba ya riƙe ƙarfe lafiya. Tsoka tana saurin ƙarfi fiye da jijiya, shi ya sa mai gaggawa yake jin ƙarfi ya zo, sai kuma ciwo ya biyo baya a ƙashin gwiwar hannu ta ciki ko ta waje. Gajiya a naman sangali ba komai ba ce. Zafi mai suka a gwiwar hannu ko gindin yatsa kuwa alamar a dakata ce, haka nan in babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna mutuwa ko kana jin kamar ana tsira musu allura, musamman da dare. In hutun mako ɗaya ko biyu bai kawar da shi ba, a je asibiti.

Kanta za ta fito, ana ma son ta, amma in ta yi tudu sanda tana iya fizge ta, da hunturu kuma tsagewa take yi. Goge ta da dutsen kaushi bayan wanka, ka shafa man kaɗanya da dare, ba dab da horo ba.

A kowane zama zaɓi abu biyu ko uku kawai, misali giripa da katakon babban yatsa ran Litinin, rataya da jarka da guduma ran Alhamis, robar buɗe yatsu a ƙarshen kowanne. Zagaye uku na kowane abu ya wadatar. In ka kai minti ɗaya a rataye ba wahala, koma tawul ko ka goya nauyi. In jarka ta wuce daƙiƙa 40 a hannu, ƙara lita biyu. Giripa ta gaba kuwa kada ka yi odarta sai kana rufe ta yanzu sau 12 zuwa 15 a jere da kowane hannu, har da na hagu.